Bakin kogo da bakin zaure: don mi hotunanmu ke fitowa baƙi ƙirin

 Zancenmu na wannan mako a kan ɗaukar hoto cikin kogon dutse ne. Na san wani zai ce: mi ya haɗa mutumin Mayahi da kogo? Da gaskiyarsa. Daga Kanambakashe har Gidan Amumun, daga Sarkin Hausa har Isawan, ƙasarmu jigawa ce da rairayi, sai goriba da ta bi Gulbin Kaba. Mutum na iya wuni yana tafiya bai yi tuntuɓe da dutsen da ya kai girman turmi ba. Amma ga mai riƙe da kamara, kogo ba lalle sai na dutse ba. Duk wurin da cikinsa ke da duhu, bakinsa kuma ke buɗe ga rana, kogo ne. Zauren maigari kogo ne. Rumfar mai atamfa a kasuwar Tasawa kogo ce. Haka rumbu, haka rijiya. Har fuskar dattijo a ƙarƙashin rawani da malafa, da tsakar rana, ɗan ƙaramin kogo ce. Wanda ya iya ɗaukar ɗaya ya iya ɗaukar sauran, domin matsalar guda ce: rana da inuwa sun haɗu cikin hoto ɗaya, kamara kuwa ba ta iya ɗaukar nauyinsu gaba ɗaya.

Bari mu fara da lissafi kaɗan, tunda masu karatunmu ƴan kasuwa ne da ma'aikata, lissafi ba ya ba su tsoro. Masu hoto suna auna haske da mataki. Kowane mataki ninki biyu ne na wanda ke ƙasa da shi: mataki ɗaya ninki 2, mataki biyu ninki 4, mataki uku ninki 8, a haka har mataki goma ya zama ninki 1.024. Hasken rana tsaka a kan farin rairayi yana kai kimanin lukis 100.000, lukis kuwa shi ne mudun da ake auna haske da shi. Cikin zaure mai ƙofa ɗaya, in ka matsa ciki taki huɗu ko biyar, da wuya ka samu lukis 100. Ka ga ke nan tsakanin waje da ciki akwai ninki dubu, watau mataki goma. A kogon dutse mai zurfi tazarar ta fi haka nesa.

Idon ɗan Adam yana shanye wannan tazara ba tare da mai shi ya sani ba. In ka dubi waje, ƙwayar ido ta tsuke. In ka juyo ciki, ta buɗe. Ƙwaƙwalwa kuma ta ɗinke gani biyun ta ba ka kamar gani guda. In ka daɗe cikin duhu ma, ido yana ci gaba da sabawa har minti 20 zuwa 30. Kamara ba ta da wannan baiwa. Ƙiftawa ɗaya take yi, da buɗin ido ɗaya. Fim irin na da wanda ake haskawa a bango ba ya riƙe fiye da mataki 5 ko 6. Fim mai launi da masu hoton biki suka yi aiki da shi yana kai wajen 10. Manyan kamarori na yau suna kai 13 ko 14. Takardar da ake wanke hoto a kanta kuwa, komi kyanta, tsakanin farinta da baƙinta bai wuce mataki 6 ko 7 ba. Abin da ya haura wannan iyaka ta sama sai ya ƙone ya zama fari fat, abin da ya gaza ta ƙasa sai ya nutse ya zama baƙi ƙirin. Hausawa sun riga sun faɗa: taura biyu ba ta taunuwa.

Akwai kuma wani abu da ke ƙara dagula al'amari. Ma'aunin hasken da ke cikin kowace kamara, har da ta salula, an gina shi bisa zaton cewa in an gauraya duk abin da ke gabansa zai ba da launin toka, mai maido kamar kashi 18 cikin 100 na hasken da ya faɗa masa. A ƙasashen da ake da ciyawa da gajimare da bangon siminti, zaton ba ya nisa da gaskiya. A nan kuwa, ranar salla, ga farin rairayi, ga fararen riguna sun sha bula, ga sama ta yi fari da hazo: sai ma'aunin ya ga haske ya yi yawa, ya tsuke idon kamara. Riga ta fito tsaf, har ana ƙirga zaren aska takwas, mai rigar kuwa babu shi, sai haƙora da fararen idanu. In ka shiga zaure abin ya juye: duhu ya cika hoton, ma'aunin ya buɗe ido iya buɗewa, bakin ƙofa da duk wanda ke tsaye wurin suka narke cikin farin haske.

Ba ma'auni kaɗai ne aka gina da wasu mutane a zuci ba. Tun daga tsakiyar shekarun 1950, kamfanin Kodak ya riƙa aika wa masu wankin hoto wani kati mai ɗauke da hoton wata Baturiya, wanda aka sani da sunan katin Shirley, don su daidaita launin injinansu da fatarta. Sai a 1995 kamfanin ya fitar da kati mai mata uku masu launin fata dabam-dabam. Wata malamar jami'ar Concordia ta Kanada, Lorna Roth, ta nuna cikin binciken da ta buga a 2009 cewa abin da ya tura kamfanin ya gyara yadda fim ɗinsa ke ɗaukar launuka masu duhu, kukan masu sayar da cakulan da masu kayan katako ne, waɗanda hajarsu ba ta fitowa da kyau a hotunan talla. Watau cakulan ta riga fuskokinmu samun mai kare ta. Duk wanda ya taɓa riƙe tsohuwar takardar shaidar ɗan ƙasa ta mahaifinsa, ya ga wani baƙin tabo a inda ya kamata fuska ta kasance, ya san abin da nake nufi.

Amma kada mu ɗora wa kayan aiki laifin duka. Da irin fim ɗin wancan zamani ne Seydou Keïta, wanda ya buɗe gidan hotonsa a Bamako a 1948, ya ɗauki fuskokin mutanen Mali da har yau ake baje su a manyan gidajen tarihi na duniya, kuma yawancinsu da hasken rana ya ɗauke su, a tsakar gidansa. A Yamai, marigayi Philippe Koudjina ya bar mana daren babban birninmu na shekarun 1960 da 1970, fuskoki baƙaƙe cikin duhun dare, kowace ana gane mai ita. Waɗannan mutane sun san inda za su tsai da mutum da inda za su tsaya su kansu. Sirrin ke nan, kuma ba a sayensa a kanti.

To, mu je ga kogwannin gaskiya, na dutse, mu ga yadda ake yi da su, sa'an nan mu dawo gida.

Kogon da mutanenmu suka fi ɗauka a hoto ba a Nijar yake ba. Kogon Hira ne, bisa Dutsen Nur, a Makka. Kowace shekara alhazan Maradi da Tasawa da Mayahi masu sauran ƙarfin gwiwa suna hawansa, su dawo da hoto a salula. Kogon ɗan ƙarami ne, tsawonsa bai cika mitir 4 ba, faɗinsa bai kai mitir 2 ba, ga cunkoso, kowa na jiran a ba shi wuri. Ku duba hotunan da aka kawo muku tsaraba: galibi alhaji yana tsaye a bakin kogon, bayansa sama ce fara fat, shi kuwa inuwa ce mai siffar mutum. Ya yi tafiyar dubban kilomitoci, ya hau dutse fiye da awa guda, ya dawo da hoton da ko uwargidansa sai an rantse mata kafin ta yarda shi ne. Da mai ɗaukar ya juya, ya ba wa sararin sama baya, ya sa alhajin ya fuskanci inda haske ke shigowa, dutse ya kasance a bayansa, da an samu fuska an samu kogo.

Kusa da mu, a ƙasar Hausa, akwai Birnin Kudu ta jihar Jigawa a Najeriya. A can, ƙarƙashin manyan duwatsu irin su Dutsen Mesa da Dutsen Habude, akwai zanen shanu da mutanen da suka shuɗe suka yi da jar ƙasa da fara da baƙi. A tsakiyar shekarun 1950 ne labarinsu ya kai ga masana, Bature Bernard Fagg kuma ya yi rubutu a kan duwatsun wurin masu amo kamar ƙararrawa in an buga su. Zanen yana cikin inuwar dutse, ya kuma koɗe; taki biyu daga nan rana ce ke dukan ƙasa. Wanda ya tsaya daga nesa ya haɗa inuwar da ranar cikin hoto ɗaya, zai koma gida da baƙin rami. Wanda ya matso har ya fitar da duk wani wuri mai rana daga hoton, ya bar inuwar zalla, sai ya tarar tazarar mataki goma ta koma uku ko huɗu, shanun kuma sun fito. Wannan ita ce dabara ta fari kuma mafi araha: kada ka sa abin da ba ka bukata cikin hotonka, balle in shi ne mafi haske.

A arewacin ƙasarmu dukiyar ta fi yawa. Duwatsun Ayar da tudun Jado cike suke da zane da sassaƙa, wasu a fili, wasu cikin lungunan dutse. Mafi shahara su ne raƙuman dawa na Dabus, tsakanin Agadas da Arlit, da aka sassaƙa a jikin wani falalen dutse. Babban ya kai mitir 5,4, masana kuma suna ƙiyasta musu shekaru dubu 6 zuwa dubu 8. Bafaranshe Christian Dupuy ya rubuta labarinsu a 1987, amma duniya ba ta waiwayo ba sai da David Coulson, mai ɗaukar hoto na ƙungiyar TARA da ke Nairobi, ya ɗauke su a 1997. A 1999 aka ɗauki zubinsu, aka ƙera irinsu da sanholo, aka girke ɗaya a filin jirgin saman Agadas. Dabus ba kogo ba ne, amma yana koyar da darasin da kogo ke bukata. Sassaƙa ba ta da launi, da inuwa ake ganinta. In rana tana tsaka, haske ya cika kowane tsagi, dutsen ya zama sumul kamar ba a taɓa shi ba. Da hantsi ko da la'asar sakaliya, lokacin da haske ke zuwa a kwance ta gefe, kowane layi sai ya samu ƴar inuwarsa, dabbar ta tashi daga jikin dutse. Ashe inuwa ba abokiyar gaba ba ce; yawanta ne ke ɓarna, rashinta ma ɓarna ne.

A nan zan ɗan ratse. Hotunan da TARA ta tara na zanen duwatsun Afirka, wajen 25.000, har da na Nijar, tun 2013 gidan tarihin Birtaniya da ke Landan ya shiga adana su, ya kuma sa su a intanet. Aiki ne mai kyau, babu mai musu. Sai dai abin ya zama inuwar giginya, na nesa ka sha. Yau babu garin da za ka shiga a gundumar Mayahi ka rasa salula mai kamara, amma soron kakanni yana rushewa da damina ba a bar masa hoto ko ɗaya na ciki ba, da bakan gizonsa da azararsa da zanen da magina suka yi a bango. Na waje ana samu, don waje ba ya wuya. Cikin ne ke ɓacewa, saboda wanda ya gwada sau ɗaya ya ga baƙi sai ya haƙura.

Abu na biyu bayan matsowa kusa shi ne zaɓen lokaci. Mayahi tana wajen daraja 14 arewa da tsakiyar duniya, don haka sau biyu a shekara, a ƙarshen Afirilu da tsakiyar Agusta, rana takan tsaya daidai bisa kai, mutum ya taka inuwarsa. Daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma, a yawancin shekara, ba lokacin wannan aiki ba ne. Bayan fitowar rana da kamar rabin awa, ko gab da faɗuwarta, hasken waje yana raguwa ƙwarai, kuma da yake a kwance yake tafiya yana kutsawa cikin kogo ko zaure har ƙurya. Sai ka duba inda ƙofar ta fuskanta: mai duban gabas ta safe ce, mai duban yamma ta marece. Hazon hunturu da muke kuka da shi, da gajimaren damina, su ma alheri ne ga mai hoto, domin suna tace rana kamar yadda rariya ke tace gari, inuwa ta yi laushi.

Na uku shi ne a kai haske inda babu. Tun farkon wannan sana'a ake fama da hakan. A 1861 da 1862, Bafaranshe Nadar ya sauka cikin ramukan ƙarƙashin birnin Paris, inda aka jibge ƙasusuwan miliyoyin matattu, da fitilar lantarki da batura masu nauyi. Hoto guda yana iya cin minti 18 kamara na buɗe, babu mai rai da zai iya tsayuwa haka bai motsa ba, sai ya sa mutum-mutumi ya yi musu tufafin leburori. A 1866 Charles Waldack ya haska kogon Mammoth na Amurka da ƙona ƙarfen maganiziyom. Mu yau tocilar da ke aljihun kowane mai gadi ta fi abin da suke da shi sauƙi nesa ba kusa ba.

Amma fitilar walƙiya da ke manne a jikin kamara ko salula, ita ce mafi munin zaɓi. Dalili na fari, haske yana raguwa da nisa fiye da yadda ake zato: in nisa ya ninka biyu, hasken ya koma kashi ɗaya cikin huɗu, in ya ninka uku, ɗaya cikin tara. Shi ya sa dutsen da ke gabanka ke ƙonewa, ƙuryar kogo kuma ta zauna cikin duhunta; ta salula ma ba ta wuce mitir 2 ko 3. Dalili na biyu, hasken da ya fito daga gefen idon kamara ba ya barin inuwa, sai bango ya zama kamar an shafe shi. Na uku kuwa namu ne na ƙasar ƙura: duk ƙwayar ƙurar da ke yawo gaban kamara sai ta kama hasken, ta fito kamar farin ƙwallo, har wasu su ce sun ɗauki aljanu. Gara ka kashe ta, ka ba yaro tocila ya tsaya gefe, taki uku ko huɗu daga gare ka. In kamararka tana yarda a bar idonta buɗe daƙiƙa 10 ko 20, ɗora ta bisa dutse ko turmi ko buhun hatsi don kada ta motsa, a yi ta shafa bangon da hasken tocila sannu a hankali kamar mai yaɓe. Salula da yawa suna da tsarin ɗaukar dare mai yin kusan haka cikin ƴan daƙiƙoƙi, muddin hannu bai yi rawa ba.

Mafi kyau duka, a ganina, shi ne a aro ranar kanta. Farin zane ko farar tabarmar roba da aka shimfiɗa a bakin ƙofa, inda rana ke bugu, tana tura haske mai laushi ciki. Tiren shayi, murfin tukunyar sanholo, ko guntun sabon kwanon rufi suna tura mai ƙarfi. Madubi kuwa yana aika shi nesa kamar kibiya. Masu haƙar rijiya sun daɗe da sanin wannan, da madubi suke leƙa gindin rijiya daga sama.

Rijiya ta kawo ni ga ma'aikata. A arewacin gundumarmu akwai rijiyoyin da suka wuce mitir 40, da yawa daga cikinsu na siminti ne irin waɗanda OFEDES ta gina. In bangon rijiya ya tsage ko gindinta ya cike da rairayi, mai kula da ruwa ko magajin gari zai haɗa takarda ya aika sama, yau kuma babu takardar da ke tafiya ba hoto. Hoton da ake aikawa kusan kullum iri ɗaya ne: farin zobe na bakin rijiya, da baƙin da'ira a tsakiya. Wanda ke zaune a ofis a Maradi ko Yamai, ko baƙon da zai ba da kuɗin, mi zai gani a ciki? An ce gani ya kori ji, to nan ba a ga komi ba, takarda sai ta koma ƙarƙashin ƴan uwanta, mata kuma su ci gaba da tafiyar kilomita biyar neman ruwa. Alhali gyaran ba ya cin ko dala: a miƙa salula cikin bakin rijiyar har farin zoben ya fita daga hoton, wani ya karkata madubi ya jefa rana a kan tsagin, a taɓa wurin a fuskar salula don ta auna haskenta a nan. A ɗaura mata igiya a wuyan hannu tukuna. Kada kuma kowa ya ce zai sauka don hoto. Iskar gindin tsohuwar rijiya tana kashe mutum kafin ya yi kira. Haka ma'ajin bankin cimaka da ke son nuna yawan buhunan da suka rage: ya shiga ciki, ya ba ƙofa baya, kada ya tsaya waje yana leƙe.

Ɗan kasuwa ma abin ya shafe shi, har ya fi. Ciniki da yawa yanzu a WhatsApp ake ƙulla shi, tsakanin Tasawa da Kano, tsakanin Mayahi da Jibiya. Shaddar da aka ɗauka a ƙuryar rumfa, rana na shigowa ta bayanta, takan fito da wani launi dabam. Mai saye ya karɓi kaya ya ce ba wannan ya gani ba, a shiga rantse-rantse, amana ta yi rauni a kan abin da ba ha'inci ba ne. Wake ko riɗi da aka ɗauka rabi a rana rabi a inuwa, sai a ga kamar an gauraya iri biyu. A fito da haja bakin rumfa, inda inuwa take amma sama a buɗe, kada ɗigon rana ko ɗaya ya taɓa ta, a ajiye farar takarda kusa da ita don mai saye ya gwada launin da abin da ya sani. Wurin nan, bakin inuwa, shi ne kuma wurin zaunar da tsoho in ana son fuskarsa: taki ɗaya cikin zaure, yana duban waje a ɗan karkace, mai hoto yana daga bakin ƙofa. Rairayin ƙofar gida da kansa zai haska ƙarƙashin rawanin, duhun zaure kuma ya zama labule a bayansa.

Saura tambaya guda: in dole ne a haɗa ciki da waje cikin hoto ɗaya fa? A nan sai an zaɓi wanda za a ceta. Zamanin fim, ƙa'idar ita ce a auna inuwa, domin fim mai launi yana jure yawan haske amma ba ya yafe ƙarancinsa. Masu hoton da suka yi aiki bayan faɗuwar darajar sefa a Janairun 1994, lokacin da kuɗin duk abin da ake shigowa da shi ya yi tsalle, suna tuna yadda ake tattalin fim mai hoto 36, ba a kuma ganin sakamako sai an kai wanki birni an dawo. A kamarar yau ƙa'idar ta juye. Wurin da ya ƙone fari ya tafi ke nan, babu abin da za a tono a ciki. Wurin da ya yi duhu kuwa sau da yawa akwai abu kwance, ana iya ɗago shi daga baya, ko da zai ɗan yi tsaki-tsaki. Don haka a taɓa wuri mai haske a fuskar salula, a ja hasken ƙasa har bakin kogon ya nuna abin da ke wajensa, sa'an nan a gyara inuwar bayan an ɗauka.

Akwai kuma haruffan nan uku, HDR, da kuke gani a salula. Ma'anarsu ita ce na'urar tana ɗaukar hotuna da yawa a ƙiftawa guda, wani don rana, wani don inuwa, ta ɗinke su. Kamfanin Apple ya sa wannan a iPhone a 2010, yau kusan kowace salula tana yi. Dabarar kuwa tsohuwa ce: a wajen 1857 Gustave Le Gray ya riƙa ɗaukar teku a gilashi ɗaya, sama a wani, ya haɗa su a takarda guda. Tana aiki in babu mai motsi. In akuya ta gitta, za ka same ta da kai biyu. Abin da nake ƙi da ita shi ne zarcewa. In aka matsa mata, sai ta haska kowane lungu daidai wa daida, kogo ya fito kamar ɗakin asibiti. Kogon da babu duhu a cikinsa ya daina zama kogo. Wani lokaci ma hoton da ya fi faɗin gaskiya shi ne wanda aka bar cikin baƙi, aka tsai da mutum guda a bakin, inuwarsa kaɗai ta nuna girman wurin. Bambancinsa da hoton alhajinmu na ɗazu shi ne, wannan da niyya aka yi shi.

Wanda Allah ya kai shi inda zanen dutse yake, don Allah kada ya zuba masa ruwa wai don launi ya fito, kada ya bi layin da alli ko gawayi, kada ya hura wuta a ƙarƙashinsa. Ayarin Henri Lhote da ya kwafi zanen Tasili na Aljeriya a 1956 da 1957 ya riƙa jiƙa bango da soso, masana kuma sun daɗe suna kukan ɓarnar da hakan ya jawo. Kogon Lasko na Faransa, da aka gano a 1940, dole aka rufe shi a 1963 saboda numfashin masu ziyara da yawansu sun fara cin zanen. Tun 2005 akwai wata manhaja mai suna DStretch da ke fito da launin da ya koɗe daga cikin hoto, ba tare da an taɓa dutsen ba. Kafin shiga kowane kogo kuma a nemi ɗan gari ya yi jagora, a tambayi izini, a tuna cewa wurin yana da masu shi: jemage, zuma, maciji, wani lokaci kura.

Abu na ƙarshe ya shafi aikawa. In ka tura hoto ta WhatsApp yadda aka saba, manhajar tana matse shi don ya yi sauƙin tafiya, kuma abin da ke cikin inuwa shi ne farkon abin da ke lalacewa; tsagin rijiyar da ka sha wuya ka haska sai ya isa Yamai ya zama dabbare-dabbare. A tura shi a matsayin takarda, watau ta inda ake liƙa fayil, zai isa yadda yake. A ajiye na asalin a wani wuri ban da salular, a rubuta sunan garin, da ranar, da sunan mai zauren ko unguwar da rijiyar take.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.